Sambo: Sunan Sarki a Haɗejiya, Zagi a Amurka

Wanda ya bi rugagen Fulani da ke gefen fadamar Kirikasamma, daga Baturiya zuwa Madaci har Marma, da wuya ya wuni bai ji an ƙwala wa wani Sambo kira ba. Ko dai yaro ne mai kiwon maruƙa, ko dattijo mai malfa da sanda a kafaɗa, ko mai kwalekwale da ke kutsawa cikin kacalla da kifinsa. A cikin gari ma akwai Malam Sambo, akwai Alhaji Sambo, akwai Sambo mai shayi, kuma ba wanda sunan ke sa ya ɗaga kai. Amma da za a je titin wani birni a Amurka ko Ingila a kira baƙar fata da wannan suna, to an tono faɗa, domin a ƙamus ɗin Turanci na yau an rubuta shi da gargaɗin cewa kalmar cin mutunci ce. Abin da ya sa suna guda ya zama abin ado a nan ya zama zagi a can ya ɗauki sama da shekara 300 yana ƙulluwa, ya kuma ratsa Afirka da Turai da Amurka da Indiya.

Asalin sunan na Fulani ne, kuma lissafin haihuwa yake yi. Ɗan fari shi ne Dikko, mai bi masa a maza shi ne Sambo, sannan ga su Yero da Pate da Demba. A Senegal da Gambiya da Mali ana cewa Samba. Irin waɗannan sunaye suna sauƙaƙa wa iyaye alkunya, tunda akwai sunan yankan da uwa ba za ta iya buɗe baki ta faɗa ba. Zama tare da auratayya suka shigo da shi bakin Hausawa, har ya zama namu. Sau da yawa idan ka bincika za ka tarar mai sunan Muhammadu ne: Muhammadu Sambo ɗan Shehu Usmanu, wanda aka sani da zuhudu da sufanci, Sarkin Zazzau Muhammadu Sambo da ya yi mulki daga 1878 zuwa 1888, Hamman Sambo da ya kafa Tibati a ƙasar Adamawa.

Sunayenmu da ke kama da kalmomin Turanci suna da yawa, kuma yawancinsu karo ne kawai na sauti. Ladi an haife ta ranar Lahadi, ba ruwanta da lady ta Bature. Kande mace ce da ta biyo bayan maza, ba alawar da suke kira candy ba ce. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, bai haɗa komai da tankin ruwa ko tankar yaƙi ba. Waɗannan in an ji su a yi murmushi a wuce. Na Sambo ya bambanta, domin akwai dalili mai ƙarfi na cewa sunan nan namu ne aka ɗauka a cikin jirgin bayi, aka kai shi can, aka juye abin da ke cikinsa aka zuba wani abu dabam.

A ƙasar Haɗejiya kuwa, Sambo shi ne tushen gidan sarauta. Kafin jihadi yankin ƙananan masarautu ne, irin su Auyo da Haɗejiya da Garin Gabas da Gatarwa da Kazura da Fagi da Dawa, suna biyayya ga Borno ta hannun Galadima da ke Nguru. Cikin Fulanin da ke kiwo a wannan fadama akwai gidan Arɗo Abdure, mai 'ya'ya Umaru da ƙanensa Sambo. Da labarin Shehu Usmanu ya iso, Sambo aka tura ya kai mubaya'a, ya dawo da tuta. Ɗan'uwansu Arɗo Lerlima, wanda ke zaune a Marma, shi ma ya tashi da nasa yaƙin a ɓangaren Nguru. Bayan rasuwar Umaru da ɗan gajeren mulkin ɗansa, sarauta ta dawo hannun Sambo wajen 1808. Shi ya taso daga Rinde ya shiga birnin Haɗejiya, ya faɗaɗa ganuwa, ya gina masallacin Juma'a, ya mai da garin hedkwatar masarauta. Ya yi kusan shekara 37 a kan gado kafin tsufa ya sa ya sauka a 1845 ya ba ɗansa Garko. Garko bai daɗe ba ya rasu, Abdulƙadir da ya gaje shi ma haka, har tsohon ya sake komawa kan karaga na ɗan lokaci a 1848. 'Ya'yansa biyar suka yi sarautar Haɗejiya: Garko, Abdulƙadir, Buhari, Ahmadu da Haru. Buhari shi ne wanda ya yi wa Sakkwato tawaye ya gagari rundunarta har ajalinsa ya riske shi a yaƙin Bade a 1863. Sarakunan Haɗejiya tun daga nan har zuwa Mai Martaba Adamu Abubakar Maje, wanda ya hau a 2002, duk jinin Sambo ne.

Tun kafin a haifi wannan Sambo da sama da shekara 100, sunan ya riga ya haye teku. Wani Bature ɗan Ingila, Richard Ligon, ya zauna a tsibirin Barbados daga 1647 zuwa 1650, lokacin da ake sare dazuzzuka ana shuka rake da gumin bayi. A littafin da ya buga a 1657 ya ba da labarin wani bawa mai suna Sambo. Suna aikin fitar da hanya ne a cikin daji, Ligon yana riƙe da kamfas don kada su karkace. Sambo ya matso ya zura wa allurar ido, ya ga tana rawa sannan ta tsaya ta fuskanci wuri guda. Ya tambaya ko tana da rai. Aka ce ba ta da shi. Ya tambaya me ya sa kullum gefe ɗaya take kallo. Ligon ya yi masa bayanin maganaɗisu gwargwadon abin da ya sani, sannan ya ce ya miƙo gatarinsa. Aka kusantar da ƙarfen gatarin kusa da kamfas ana zagayawa da shi, allura tana bin sa duk inda ya yi. Abin ya ƙayatar da Sambo har ya roƙi a shigar da shi addinin Kirista, don a zatonsa ta nan ake samun irin wannan ilimi. Ligon ya kai maganar wurin ubangidan Sambo. Ubangidan ya ƙi, ya ce idan bawa ya zama Kirista ba za a iya ci gaba da riƙe shi a matsayin bawa ba, kuma duk masu gonakin tsibirin za su tsine masa in ya buɗe wannan ƙofa.

Wannan wuri yana taɓa ni ƙwarai. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren da sunan ya fito a rubutun Turanci, mai sunan mutum ne mai tambaya, mai ƙishirwar sani, wanda aka rufe wa ƙofa da gangan. A wannan tsibiri dai, a 1692, an bankaɗo shirin wani babban tawaye na bayi, kuma cikin jagororinsa akwai Ben da wani Sambo. Hukuncin da aka yanke musu shi ne a rataye su cikin sarƙa a bar su da yunwa har su mutu.

Sai kuma labarin Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatanin Bundu, a gabashin Senegal ta yau. Ɗan malami ne, mahaddacin Alƙur'ani. Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: shi ma bayi biyu ya kai kasuwa a bakin kogin Gambiya lokacin da aka kama shi a hanyar komawa gida, aka sayar da shi ga jirgin Ingilishi a 1731. Cinikin mutane ba Turawa kaɗai suka yi shi ba, kuma tarihin Haɗejiya a zamanin Buhari ma shaida ne. An kai Ayuba Maryland ya yi aikin gonar taba. Ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci, wasiƙar ta faɗa hannun James Oglethorpe a Landan, aka fassara ta a Oxford, daga nan aka fanshe shi. Ya isa Ingila a 1733, ya rubuta Alƙur'ani sau uku da ka, aka zana hotonsa da rawani, ya koma gida a 1734. A wannan shekara Thomas Bluett, wanda ya san shi tun a Maryland, ya buga tarihin rayuwarsa. A ciki ya ce mahaifin Ayuba ya karantar da ɗan sarkin Futa, kuma Ayuba ne abokin karatun yariman. Sunan yariman, kamar yadda Bluett ya rubuta shi, Sambo. Masana tarihi sun gane shi da Samba Gelajo Jegi, sarkin Futa Toro, jarumin da maroƙan Fulani ke waƙe har gobe. Ke nan a 1734 mai karatu a Landan ya ga sunan Sambo a matsayin sunan sarki kuma almajirin Alƙur'ani.

Shekara biyu kacal bayan haka, a 1736, aka binne wani Sambo a arewa maso yammacin Ingila, a wani ƙauyen bakin teku da ake kira Sunderland Point. Ƙauyen yana kusa da Lancaster, wadda ta zama tashar jiragen bayi ta huɗu a girma a Ingila. Hanyar shiga ƙauyen teku na rufe ta sau biyu kullum, kamar yadda ruwa ke yanke wasu ƙauyukan Kirikasamma da damina sai an jira ko an nemi kwalekwale. Abin da mutanen wurin suka gada a baki shi ne yaron ya zo ne da wani kyaftin ɗin jirgi daga tsibiran Karibiyan, ubangidan ya bar shi a masauki ya wuce Lancaster, yaron ya kwanta ciwo ya rasu cikin mutanen da ba ya jin harshensu. Ba a kai shi maƙabartar coci ba, a gefen wani fili kusa da gaɓa aka haƙa masa rami. Bayan shekara 60, a 1796, wani tsohon shugaban makaranta mai suna James Watson ya tara kuɗi aka sa wa kabarin allo. Ɗan'uwan wannan Watson, William, yana cikin manyan masu fataucin bayi na Lancaster. Kabarin yana nan har yau, 'yan makaranta suna kai ziyara.

To daga nan sunan ya fara zamewa. Masu bayi a Amurka da Karibiyan sun ga yana da sauƙin faɗa, suka riƙa laƙaba shi ga wanda ma ba sunansa ba ne, har ya zama kamar a ce "kai bawa". Daga shekarun 1830 aka shiga yayin wasannin dandali inda farar fata ke shafa baƙi a fuska yana kwaikwayon baƙar fata, kuma Sambo na cikin sunayen da aka fi ba wannan hali: wawa, malalaci, matsoraci, kullum baki a washe, wai yana jin daɗin bautarsa. Amfanin wannan hoto a bayyane yake. Wanda ya mallaki mutum yana bukatar ya gaya wa kansa cewa abin da ya mallaka bai kai mutum ba, kuma bai damu ba. Marubuta ma suka ɗauka. A littafin Vanity Fair na William Thackeray, wanda ya kammala fitowa a 1848, shekarar da Sarki Sambo ya koma kan gadon Haɗejiya, baƙin baran gidan Sedley sunansa Sambo. A Uncle Tom's Cabin na Harriet Beecher Stowe, 1852, Sambo bawa ne da aka mayar mai dukan 'yan'uwansa bayi.

Abin da ya kai sunan kowane gida shi ne wani ɗan littafin yara. Helen Bannerman 'yar Sukotlan ce da ke zaune a Madras ta Indiya, inda mijinta ke aikin likita. Ta tsara wa 'ya'yanta mata biyu labari, aka buga shi a Landan a 1899 da sunan The Story of Little Black Sambo. Yaron labarin ya fita yawo da sababbin kaya, jar riga da shuɗin wando da takalma da koriyar laima. Damisoshin Indiya huɗu suka tare shi ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa ba su kayan don su bar shi da ransa. Sai suka kama faɗa kan wa ya fi ado, suka yi ta zagaya bishiya da gudu har suka narke suka zama man shanu. Yaro ya kwashe kayansa, uwarsa ta soya fanke da man, ya ci guda 169. A cikin labarin kansa yaron mai dabara ne, kuma ƙasar Indiya ce, tunda Afirka ba ta da irin wannan damisa. Amma sunan da aka ba shi ya riga ya yi datti, kuma masu buga littattafai a Amurka suka yi ta sake fitar da shi da zane-zanen muni, jan leɓe da fararen idanu. Yaran baƙar fata da yawa sun girma ana tsokanarsu da shi a makaranta, har marubuci Langston Hughes ya soki littafin a 1932 saboda ciwon da yake sa musu.

A shekarar da littafin ya fito, jikan Sambo ne ke kan gadon Haɗejiya, wato Sarki Muhammadu ɗan Haru. Shekara bakwai bayan haka, ranar 25 ga Afrilu 1906, sojojin Ingila suka zo daga Kano suka tsaya a ƙofar gari. Sarkin ya ƙi miƙa wuya. Aka yi yaƙi a cikin birni, ya faɗi tare da jama'arsa masu yawa, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. A ƙasar waɗannan sojoji yara na karanta Sambo a matsayin abin dariya, a nan kuwa gidan Sambo ne ya zaɓi mutuwa a kan wulaƙanci.

Labarin bai ƙare a nan ba. A 1957 wasu mutum biyu, Sam Battistone da Newell Bohnett, suka buɗe gidan abinci a Santa Barbara ta jihar Kalifoniya. Suka ɗauki Sam daga sunan na farko, Bo daga sunan na biyu, suka haɗa ya ba da Sambo's. Da suka ga mutane na danganta sunan da littafin yaran nan, maimakon su kauce sai suka rungume shi, suka cika bango da hotunan yaron da damisoshi, fanke ya zama babban abin sayarwarsu. Kasuwa ta buɗe har a 1979 suna da rassa 1,117 a jihohi 47. Amma zamani ya sauya. Baƙaƙen Amurka da suka yi gwagwarmayar 'yanci suka ce ba za su ci abinci a ƙarƙashin wannan allo ba, wasu garuruwa suka yi ta ja da kamfanin, aka sauya wa wasu rassa suna, ga kuma matsalar kuɗi ta cikin gida. A 1981 kamfanin ya karye. Reshe ɗaya ya rage, na asalin, a hannun jikan Battistone mai suna Chad Stevens. Bayan kashe George Floyd a watan Mayun 2020 da zanga-zangar da ta biyo baya, ya rufe allon, ya sa wa wurin sunansa, Chad's. 

Ban ga laifin baƙaƙen Amurka ba da suka ƙi jinin kalmar. An yi shekaru ana jifansu da ita, kuma wanda aka jefa shi ya san zafin dutse. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mu a nan mu fara jin kunyar sunan. Daga 19 ga Mayun 2010 zuwa 29 ga Mayun 2015 Mataimakin Shugaban Nijeriya sunansa Muhammad Namadi Sambo, haifaffen Zariya, kuma jaridun duniya haka suka riƙa rubuta shi tare da muƙaminsa. Abin da ya kamata shi ne duk yaron Haɗejiya ko Kirikasamma mai wannan suna a fasfo, in zai tafi karatu waje, a zaunar da shi a gaya masa wannan tarihi. Ya san dalilin da wani zai yi turus in ya ji sunansa, ya iya bayani ba tare da fushi ko sunkuyar da kai ba, ya kuma kiyaye kada ya kira wani baƙin can da shi ko da wasa.

Masana harshe sun rabu kan inda Turanci ya samo kalmar. Wasu sun ce daga zambo ta Sifaniyanci ce, wadda a ƙasashen da Sifaniya ta mulka ake kiran wanda ya haɗa jinin Afirka da na 'yan asalin Amurka. Wasu sun ce daga sunayen Afirka ta Yamma ne kai tsaye. A ganina duka biyun sun haɗu ne a bakin Bature, amma Sambon Ligon da na Bluett sun isa hujja cewa mutane sun haye teku da sunan a matsayin nasu na gida.

Wanda ya bi sawun irin waɗannan sunaye da ƙafarsa shi ne Lorenzo Dow Turner, baƙar fata ɗan Amurka, masanin harshe, haifaffen 1890. A 1929 yana koyarwa a Karolina ta Kudu ya ji wasu ɗalibai suna magana da harshen Gullah, na jikokin bayin da ke zaune a tsibiran gaɓar Karolina da Jojiya. A lokacin ana ɗaukar harshen a matsayin gurɓataccen Turanci. Daga 1932 ya riƙa shiga tsibiran da na'urar ɗaukar murya, yana zama da tsofaffi har suka saki jiki da shi. Sai ya gano cewa mutanen suna da suna biyu: na Turanci wanda suke ba baƙo da hukuma, da na gida wanda dangi kaɗai suka sani. Ya tattara kalmomi kusan 4,000 masu tushen Afirka, mafi yawansu irin waɗannan sunaye na gida, ya buga su a 1949 a littafinsa Africanisms in the Gullah Dialect. Sambo na cikin jerin. A gefensa Turner ya kawo kalmomi masu kama da shi a harsunan Mende da Vai na Saliyo da Laberiya, ya kuma kawo ma'anarsa a Hausa: ɗa namiji na biyu a gida. A 1951 ya zo Nijeriya da kansa ya ci gaba da ɗaukar muryoyi.